Feshin Bt ko Iri Mai Bt: Wanne Ya Fi Kama Tsutsar da Ke Huda Kara?

Tsutsar da ke cin ganye a fili ba ta da wuyar sha'ani. Ana ganinta, ana fesa mata magani, maganin kuma ya same ta. Wadda ke hana manomi barci ita ce mai huda kara, ko kwanson wake, ko ƙwallon auduga, ta shige ciki ta yi zamanta. Da zarar ta shige, ko an yi wa gonar wanka da magani ba abin da zai taɓa ta. Shi ya sa duk wanda ya ji labarin dafin bakteriyar nan da ake kira Bt, wato Bacillus thuringiensis, yake tambayar ta wace hanya ya kamata ya kai wa tsutsar wannan dafi. Hanyoyin biyu ne. Ko dai a sayi Bt a matsayin maganin feshi, ko kuma a shuka irin da aka sanya wa ƙwayar gadon Bt, shukar da kanta ta riƙa haɗa dafin a jikinta. Tushen dafin ɗaya ne, amma abin da kowace hanya ke nema daga manomi daban ne, kuma wurin da kowace ke faɗuwa ma daban.

Ba za a iya zaɓe ba sai an san rayuwar abokiyar gabar. Mu ɗauki Busseola fusca, tsutsar karan masara da dawa ta nahiyar Afirka. Uwarta wata 'yar malam-buɗe-littafi ce mai ruwan ƙasa da ke yawo da dare. Ba ta ajiye ƙwai a sarari, tana cusa su ne tsakanin kara da gindin ganyen da ya rungume shi, inda rana da feshi ba sa kaiwa. Bayan kamar mako guda sai ƙwai su ƙyanƙyashe, 'yan tsutsotsin su hau sama su shiga tsakiyar shukar, inda sabon ganye ke naɗe bai buɗe ba. Nan suke kiwo. Wanda ya duba irin wannan shuka da kyau zai ga ganyen da ya warware ɗauke da ƙananan huji a jere, ko kuma wurare farare da aka kankare har haske na ratsawa, ga kuma ɗan kashin tsutsa mai laushi a cikin naɗin. Wasu daga cikinsu kan saki zare su rataya, iska ta kwashe su zuwa shukar da ke kusa. Suna yin kusan mako biyu a haka, sannan su gangara su huda kara.

Daga nan labari ya sauya. A cikin kara tsutsar na cin totuwa, tana yanke hanyoyin da ruwa da abinci ke bi. Idan shukar ƙarama ce, zuciyarta kan bushe alhali ganyen waje na nan kore. Idan ta girma, sai goyo ya ƙi cika, ko iska ta karya karan. Ramin da ta bari kuma ƙofa ce ga fumfuna, ciki har da masu sa wa hatsi guba. In ta ƙoshi, sai ta fasa wata 'yar taga a jikin kara wadda za ta fita ta cikinta, ta kwanta ta rikiɗe. Zuriyar ƙarshen damina kuwa ba ta rikiɗewa nan take, tana kwanciya cikin busasshen kara watanni da dama har ruwa ya dawo. Karan da aka bari tsaye ko aka tara a gefen gona shi ne gidan da tsutsar baɗi ke fitowa.

Sauran 'yan uwanta kowace da halinta. Chilo partellus, wadda asalinta Asiya ce kafin ta bazu a gabashi da kudancin Afirka, da Ostrinia nubilalis ta Turai wadda aka fara gani a Amurka a 1917, dukkansu masu huda karan masara, suna jera ƙwansu ne a kan ganye. Maruca vitrata tana fara ɓarna a cikin furen wake, ta ɗaure fure da kwanso da zarenta, sannan ta huda kwanson. Jar tsutsar auduga, Pectinophora gossypiella, ita ce ta fi kowa gaggawa, domin cikin 'yan sa'o'i bayan ƙyanƙyashewa ta riga ta shige ƙwallon auduga. Tsawon wannan lokacin da tsutsa ke yi a waje, ko mako biyu ne ko sa'o'i kaɗan, shi ne abu na farko da ya kamata mai zaɓe ya sani.

Ita kuwa Bt bakteriya ce da ke zaune a ƙasa. Wani masani ɗan Japan, Shigetane Ishiwata, ya gano ta a 1901 tana kashe tsutsar siliki. A 1911 Ernst Berliner ya sake samunta a Jamus cikin tsutsar garin alkama daga yankin Turingiya, kuma daga nan sunanta ya fito. Lokacin da abinci ya ƙare mata, bakteriyar kan dunƙule ta yi barci, ta bar wasu ƙananan ƙanƙara na furotin a gefenta, waɗanda ake kira Cry. Wannan furotin ba ya komai idan ya taɓa fatar tsutsa. Dole sai ta ci. Ruwan hanjin irin waɗannan tsutsotsi yana da kaifi irin na kanwa, shi ke narkar da ƙanƙarar, sannan sinadaran narkar da abinci su datse furotin ɗin ya zama dafi mai aiki. Dafin sai ya kama wasu wurare na musamman a bangon hanji, ya huda shi, ƙwayoyin bangon su kumbura su fashe. Cikin sa'o'i kaɗan tsutsar ta daina cin abinci, amma mutuwarta kan ɗauki kwana biyu ko fiye. Cikin mutum da na dabba mai tsami ne, kuma ba su da waɗannan wuraren kamawa, shi ya sa furotin ɗin ke narkewa kamar kowane furotin. Haka nan kowane nau'in Bt da abincinsa: kurstaki da aizawai na tsutsotsin malam-buɗe-littafi ne, israelensis na 'ya'yan sauro da ƙudan da ke kawo makantar kogi, tenebrionis kuma na wasu ƙwari masu taurin baya.

Feshi shi ne tsohuwar hanya. An fara sayar da shi a Faransa a 1938, kuma ya ƙara ƙarfi bayan 1970 da aka samu wani nau'in kurstaki mai kaifi sosai. Alherinsa a fili yake. Ba sai ka sauya irin da ka saba da shi ba. Ba ya kashe ƙudan zuma da gizo-gizo da ƙananan zanzaron da ke saka ƙwai a jikin tsutsa, waɗanda maganin ƙwari na sinadari kan share gaba ɗaya. Ba ya barin saura mai cutarwa a kan amfanin gona, don haka ana iya fesa shi dab da girbi, kuma dokokin noman da ba a sa sinadari sun yarda da shi. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kwalba guda ta kurstaki na ɗauke da dafi iri-iri tare da ita kanta bakteriyar, ba dafi ɗaya tak ba. Kuma kai ke da iko: in babu tsutsa a bana, ba ka kashe ko kwabo ba.

Rauninsa kuma yana da girma, musamman a kan masu huda. Hasken rana na lalata shi cikin kwana kaɗan, ruwan sama na wanke shi, kuma ba ya ratsa jikin shuka, inda ya faɗa nan yake tsayawa. Sabon ganyen da ya fito bayan feshi ba shi da kariya. Ƙananan tsutsotsi yake kashewa da kyau, manya sai sun ci da yawa. Ma'ana, dole feshin ya dace da ɗan lokacin nan da tsutsa ke waje tana ƙarama. Uwayen kuma ba sa zuwa rana ɗaya, suna ta saka ƙwai har makonni, don haka feshi ɗaya bai isa ba. Mai wannan hanya sai ya zama mai zagaya gona sau ɗaya ko biyu a mako, yana buɗe tsakiyar shuka yana dubawa. Sai ya yi feshin da yamma, ya nufi cikin naɗin ganye kai tsaye, ya guji haɗa maganin da ruwa mai kanwa-kanwa, ya yi amfani da abin da ya dama a ranar, ya kuma ajiye sauran a wuri mai sanyi. A masara da dawa akwai sauƙi, domin naɗin ganyen kan riƙe maganin ya kare shi daga rana, har akwai Bt mai kamar tsaki da ake zubawa a ciki. A jar tsutsar auduga kuwa, wadda ba ta jimawa a waje, feshin Bt kusan asarar kuɗi ne.

Manoma da yawa kan yanke ƙauna da feshin Bt saboda sun saba da maganin da ke zubar da ƙwari nan take. Su dawo washegari su ga tsutsa na motsi, su ce maganin jabu ne. Abin dubawa shi ne ko tana ci, ko akwai sabon huji da sabon kashi. Idan ta yi laushi ta daina kiwo, aiki ya riga ya yi.

Iri mai Bt ya zo ne don toshe wannan gibi. An fara noman masara da auduga masu Bt a Amurka a 1996. Tun da shukar ce ke haɗa furotin ɗin a ganye da kara, ba ruwansa da rana ko ruwan sama, ba kuma sai ka kama lokaci ba. 'Yar tsutsa na fara cizo ta ci dafin tana mafi rauninta, in ma ta kai ga kara, can ma yana jiranta. A kan masu huda, gaskiya ita ce babu feshin da ya kama ƙafarsa. A tsakiyar Amurka yawan Ostrinia nubilalis ya faɗi warwas a faɗin yankin, har wani bincike da aka wallafa a 2010 ya nuna cewa fiye da rabin ribar da aka samu ta tafi ne ga manoman da ba su shuka iri mai Bt ba, saboda tsutsar ta ragu ga kowa. Bangaladash ta amince da gauta mai Bt a 2013 don maganin tsutsar da ke huda 'ya'ya da reshe. Najeriya ta amince da wake mai ɗauke da wani nau'in furotin Cry da ake kira Cry1Ab a 2019 don maganin Maruca, wanda aka fitar da sunan SAMPEA 20-T, kuma an tsara shi ne don rage feshi daga sau shida ko takwas zuwa kamar sau biyu a damina.

To amma ƙarfin nan shi ne kuma haɗarinsa. Feshi na gushewa cikin kwanaki, dafin da ke cikin shuka kuwa yana nan dare da rana tun daga tsiro har girbi. Duk tsutsar da ke gonar tana fuskantarsa, kuma wadda ta tsira ita ce za ta haifi zuriya ta gaba. A cikin miliyoyin tsutsotsi ba a rasa 'yan kaɗan da bangon hanjinsu ya ɗan bambanta, dafin ba ya kama shi da kyau. In aka bar su su kaɗai suna auren juna, cikin 'yan shekaru gonar ta zama tasu.

Dabarar da masana suka fito da ita tana da ƙafa biyu. Ta farko, shukar ta haɗa dafi mai yawan gaske. A Amurka an sa ma'aunin ninki 25 na abin da ke kashe tsutsar da ba ta da juriya. Ta biyu, a bar wani ɓangare na gona da irin da ba shi da Bt, wanda ake kira mafaka. Hikimar ita ce, sau da yawa juriyar ba ta bayyana sai tsutsa ta gaje ta daga uwa da uba duka. Mafaka na fitar da ɗimbin malam-buɗe-littafi marasa juriya, don haka 'yar ƙalilan ɗin da ta tsira daga gonar Bt kusan tabbas da marar juriya za ta haɗu. 'Ya'yansu rabi-da-rabi ne, kuma dafi mai yawa na kashe su. A yankin masara na Amurka an wajabta mafaka ta kashi 20 cikin 100 ga iri mai dafi ɗaya, daga baya aka rage zuwa kashi 5 ga mai dafi biyu ko fiye.

Inda ƙafafun biyu suka tsaya, abin ya yi kyau ƙwarai. Ostrinia nubilalis ta shafe fiye da shekara 20 ba ta bijire ba, sai a 2018 aka tabbatar da juriya ga Cry1F a lardin Noba Skoshiya na Kanada. Inda ƙafa ɗaya ta karye kuwa, an ga abin da ya biyo baya. Afirka ta Kudu ta fara noman masara mai Cry1Ab a 1998, kuma a 2007 aka ba da rahoton cewa Busseola fusca na rayuwa a cikinta a wasu gonakin ban-ruwa. Dalilai biyu suka haɗu. Manoma da yawa ba su bar mafaka ba a shekarun farko, sannan dafin bai kai ma'aunin da zai kashe 'yan rabi-da-rabi na wannan tsutsa ba. Bincike ya nuna daga baya cewa juriyar tata mai rinjaye ce, gado daga ɓangare ɗaya ya isa. Sai da aka kawo iri mai dafi biyu kafin aka sake shawo kanta.

Labarin jar tsutsar auduga ya fi kowane nuna cewa hali ne ke yanke hukunci. Indiya ta amince da auduga mai Bt a 2002. Mafaka ba ta samu karɓuwa ba, irin bogi ya cika kasuwa, ana kuma barin auduga a gona fiye da lokacinta, tsutsa na ƙara zuriya. Zuwa 2010 an tabbatar da juriya ga Cry1Ac a jihar Gujarat, kuma wajen 2015 iri mai dafi biyu ma ya gaza. A kudu maso yammacin Amurka kuwa, tsutsa ɗaya da dafi ɗaya, an fara da mafaka, sannan aka haɗa da sakin malam-buɗe-littafin da aka mayar bakarare, da ƙamshin da ke ruɗa maza, da share gona bayan girbi. A 2018 gwamnatin ƙasar ta sanar da kawar da tsutsar daga yankunan nomanta na auduga.

Kada a ɗauka feshi ya tsira daga wannan. Juriya ta farko da aka tabbatar a gona ga Bt, feshi ne ya jawo ta: tsutsar kabeji, Plutella xylostella, a tsibirin Hawayi a 1990, inda ake fesa shi babu ƙaƙƙautawa. Bambancin kawai shi ne kafin feshi ya kai ga haka sai an wuce gona da iri, saboda gushewarsa da wuri kan bar wa marasa juriya sararin rayuwa.

Akwai tambayar da nake ganin ta fi “feshi ko iri” muhimmanci, kuma ita aka fi tsallakewa: wane dafi ne, a kan wace tsutsa? Kalmar Bt a jikin buhu ko kwalba ba ta isa amsa ba. Cry1Ab na kashe Chilo partellus da sauƙi fiye da yadda yake kashe Busseola fusca. Tsutsar nan mai cin masara da ta shigo Afirka daga nahiyar Amurka a 2016, Spodoptera frugiperda, ba ta jin Cry1Ab sosai, ta fi jin wani furotin na Bt da ake kira Vip3A, wanda shi kuma ba ya tasiri a kan Ostrinia nubilalis. A ɓangaren feshi, aizawai na ɗauke da dafin da kurstaki ba shi da shi, don haka akan juya tsakaninsu. Iri mai dafi biyu ma sai an tambaya ko dafin biyun wurare daban suke kamawa a hanji, domin in wuri ɗaya ne, ko kuma tsutsar yankin ta riga ta bijire wa ɗayan, to mai dafi ɗaya ka saya da tsadar mai biyu.

Sannan dukkan hanyoyin biyu ba sa taɓa ƙwarin da ke tsotsar ruwan shuka, domin ba irin abincinsu ba ne. Mai wake mai Bt har yanzu yana da aiki da ƙwarin fure da masu tsotsar kwanso, shi ya sa feshin ya ragu amma bai ƙare ba. A ƙasar Sin, bayan auduga mai Bt ta rage feshi, wasu ƙwari masu tsotsa da a da maganin ke kashewa a kan hanya sun ɗago kai, ko da yake ƙwarin da ke cin 'yan uwansu ma sun ƙaru, abin da ya amfani gonakin makwabta.

Ga yadda nake auna zaɓin. Idan tsutsar da ke damunka mai saurin shigewa ce, ko tana zuwa duk shekara da ƙarfi, ko gonarka ta fi ƙarfin a zagaya ta shuka bayan shuka, iri mai Bt ya fi, muddin dokar ƙasarka ta yarda da shi, ka samo shi daga hannun da ka amince da shi, kuma kana shirye ka bar mafaka kusa da gonar, ka shuka ta lokaci ɗaya da sauran. Wanda ya san ba zai bar mafaka ba yana cin amfanin shekara biyar ne da kuɗin shekara ashirin, nasa da na maƙwabtansa, domin malam-buɗe-littafi ba ta san iyakar gona ba. A kula kuma da ajiye iri: masarar aure ba ta maimaita kanta, in ka sake shuka 'ya'yanta wani kaso zai fito babu ƙwayar Bt ko da ƙarfi daban-daban, wake kuwa da yake barbarar kansa yake yi ya fi riƙe halinsa.

Idan kuma gonarka ƙarama ce, kana iya lura da ita, tsutsar na jimawa a cikin naɗin ganye, zuwanta ba kullum ba ne, ko kasuwar da kake kai wa kaya ba ta karɓar irin da aka sauya wa ƙwayar gado, to feshin Bt ne naka. Ka saye shi tun kafin ka ga ɓarna, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ka sa a ranka cewa za ka maimaita shi bayan kamar mako guda muddin ana ganin sabon ƙwai.

Ko wanne ka ɗauka, akwai ayyukan da ke rage wa dafin nauyi. Sare kara bayan girbi, a shanya shi a rana ko a daddatse shi ko a ba dabbobi, na kashe tsutsar da ke kwance a ciki. Shuka a lokaci ɗaya da maƙwabta na hana ta samun ƙaramar shuka a jere. Cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Kenya ta fito da tsarin shuka Desmodium, wani tsiro dangin wake, a tsakanin layukan masara don ƙamshinsa ya kori uwar tsutsa, da ciyawar Nafiya a gefen gona don ta ja ta ta saka ƙwai a inda yawancin 'ya'yan ba za su rayu ba. Mai iri mai Bt kuma kada ya daina buɗe kara yana dubawa. Ranar da ya tarar da babbar tsutsa mai ƙiba tana rami a cikin shukar da ya tabbata mai Bt ce, kuma ba ɗaya ba ba biyu ba, ya kai rahoto ga malamin gona da kamfanin irin, ya kashe su da wani magani daban kafin su rikiɗe, ya kuma share karan gonar gaba ɗaya a wannan shekarar.